Kwalaben Fashaga

Da sunan Allah nake fara wannan bayani, kuma gare ku nake yin sa, ku samari masu tasowa, musamman waɗanda Allah Ya ba wa wata baiwa a hannu. Ba zan faɗi sunana ba. Ba don kunyar kaina ba, wannan ta daɗe da ƙarewa, sai don ina da ƙanne mata da ke aure a gidajen mutunci, kuma sun sha isasshen kallo saboda ni.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ni, a unguwarmu ta Hausawa. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja ya nufi Makka. Da ya sauke farali, a hanyar komawa ya ga baƙar ƙasar nan mai ba da dawa da riɗi, sai ya ajiye sandarsa. Mahaifina manomi ne da damina, da rani kuma marubucin Alƙur'ani. Yakan zauna a rumfar gidanmu da alƙalamin kara da tawadar da ya haɗa da kansa, ya shafe watanni kafin ya kai ƙarshen izu sittin. Ni kaɗai a cikin 'ya'yansa na gaji hannunsa. Tun ina ƙarami, duk abin da idona ya gani hannuna zai fitar da shi, rubutun Larabci ne, na Nasara ne, ko hoton da ke jikin akwatin ashana. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba, kuma salla ba ta wuce ni. Rauni ɗaya nake da shi, ina son a yaba mini.

Da na gama makaranta sai Baba ya kai ni wata ƙaramar maɗaba'a a bayan kasuwar hatsi. Katin biki muke bugawa, da takardun shaguna, da tambarin da ake bugawa a jikin buhu. Mai wurin tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Cikin shekara biyu ya sakar mini komai, shi dai ya zo ya sha gahawarsa ya koma gida.

A shekarun ne manyan ƙasashen waje suka ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi. Mu talakawa ba mu san kan rigimar ba. Abin da muka gani shi ne kayan da muka saba da su suna ɓacewa daga kasuwa ɗaya bayan ɗaya: batirin da kowa ya yarda da shi, man injin tarakta, sabulu, magunguna. Abin da ya samu shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan sai ya yi tsadar da ba a taɓawa. Iyakar Habasha kuwa yau a buɗe, gobe a rufe.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya fara zuwa maɗaba'ar. Zan kira shi Haj Sadik, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Fari ne, mai sanyin murya, jallabiyarsa kullum fes, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Ustaz. Wata safiya ya ajiye mini kwalin wani shayi na waje da ya ɓace a gari, ya ce, "Ustaz, an ce babu abin da ke gagarar hannunka. Ni dai ban yarda ba."

Kwana uku na yi a kansa. Da ya dawo na ajiye masa kwali biyu a kan tebur, na ce ya nuna nasa. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya kai su bakin ƙofa wajen haske, a ƙarshe ya ɗauki nawa ya ce shi ne na ainihi. Dariyar da na yi a ranar har yanzu ina jin ta. Na ɗauka wasa muke yi. Bayan mako guda ya dawo yana son kwali masu yawa.

Na ce masa, "Haj, wannan fa tambarin wasu ne."

Ya ce, "Su wa? Waɗanda suka rufe mana ƙofa suka ce mu mutu? Su suka hana mu nasu, ya Ustaz. Mu kuwa sai mu zauna mu sha ruwan zafi? Shayi dai shayi ne. Takarda ce kawai za ka buga."

Wannan magana ta takarda ce kawai, ita na riƙe shekara shida. Daga shayi muka koma sabulu, daga sabulu muka koma batiri da man inji. Daga baya ya kawo tambarin wani babban kamfani mai fitar da riɗi waje, na buga masa a buhuna, ya cika su da riɗin da ruwa ya taɓa, an gauraya da tsakuwa. Ni ban taɓa zuwa inda ake cika kayan ba. Ban taɓa tambaya ba. Na gina ɗaki a gidanmu, na sa wa Inna rufin kwano, kowa yana cewa Allah Ya yi wa yaron nan albarka.

Akwai wani abu da na riƙa yi wanda ko Haj Sadik bai sani ba. Baƙin ciki ya dame ni, ga aiki mai kyau amma ba mai sanin nawa ne. Sai na fara sa ɗigo ɗan mitsitsi a ƙarƙashin harafin ƙarshe na kowane tambari, wanda in ba ka san da shi ba sai ka ce ƙura ce. Shi ne sa hannuna.

Ɗigon nan shi ya fara hana ni sakat. Wata rana da la'asar muna zaune a rumfa, Baba ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin, ya ce, "Wannan shayin ba shi da rai." Na tashi na shiga madafa na ɗauko kwalin. Ga ɗigona yana kallona. Na duba sabulun da Inna ke wanki da shi, akwai. Na buɗe bayan rediyon Baba, batirin ma nawa ne. Daga ranar duk abin da na ɗauka a shago sai na juya shi na leƙa ƙarƙashin harafin ƙarshe. Har ta kai ina ganin ɗigon a inda ban sa shi ba, a jikin allon masallaci, a kan takardar kuɗi, a goshin mai shago. Gari ya zame mini kamar an kwashe na gaske an ajiye wani mai kama da shi.

Wanda ya san Gadarif ya san abin da kaka ke zuwa da shi. Lokacin girbin riɗi leburori na kwararowa daga ko'ina, a ɗebe su a manyan motoci zuwa gonakin Fashaga, can wajen iyakar Habasha. Ana yanka riɗin a jingine shi dami-dami ya bushe, kuma a ƙarƙashin damman nan kububuwa take son kwanciya. Kowace shekara tana sarar mutane. Akwai allurar dafi da ake kawowa daga waje a 'yar ƙaramar kwalba, wadda in an yi wa mutum da wuri yakan tashi. A shekarar da nake ba ku labari allurar ta yi wuya ƙwarai.

Haj Sadik ya zo ana saura wata guda girbi. Ya jira tsoho ya tafi gida, sannan ya zaro kwalbar daga aljihu, babu komai a cikinta. Takardar jikinta fara ce da ratsin shuɗi.

Na ce, "Haj, wannan ba shayi ba ne."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Me za a zuba a ciki?"

Ya yi murmushi ya ce, "Tun yaushe ka fara tambaya, ya Ustaz? Ba guba ba ce, wallahi, ruwa ne da gishiri. Yawancin waɗanda maciji ke sara tsoro ne ke kashe su. In sun ga allura hankalinsu ya kwanta. Mai sauran kwana zai tashi, wanda nasa suka ƙare ko ta gasken ba ta tsayar da shi."

Na san ƙarya yake yi. Ina so ku ji wannan da kyau, don kada wani ya ce an yaudare ni. Na sani. Amma shuɗin ratsin nan yana da wuyar haɗawa, kuma tun yana magana zuciyata ta riga ta fara lissafin wace tawada zan gauraya da wace. Na buga. Har ɗigon na sa.

An yi kamar sati uku da fara girbi, wata rana da tsakar rana, irin lokacin da kasuwa ke mutuwa kowa ya nemi inuwa, na ɗaga kai na ga wata tsohuwa tsaye a cikin shagon. Ban ji shigowarta ba. Busasshiyar laka ce a ƙafarta har idon sawu, alamar daga gona take. Ta gaishe ni da Hausa.

Ta ce, "Ɗana, an ce mini kana karanta rubutun Nasara."

Na ce, "Ina taɓawa, Hajja."

Ta kwance bakin mayafinta ta ajiye kwalba a kan teburina. Fara da ratsin shuɗi. Ban ma buƙaci in juya ta ba.

Ta ce, "Karanta mini sunan mai wannan, da sunan garinsu."

Na ce, "Me za ki yi da sunan, Hajja?"

Ta ce, "Ni nake dafa wa leburori abinci a wata gona a Fashaga. Ɗana Idrisa yana cikinsu, shi kaɗai gare ni. Kububuwa ta sare shi da hantsi, ba mu yi jinkiri ba, muka kai shi wajen hakim, mai yi wa leburori allura. Irin wannan uku aka yi masa. Kwana biyu jini yana fita ta dasashinsa, ta idonsa, har ya cika. Ni ba ni da ƙafar zuwa wajen hukuma. Amma sau biyar nake tsayawa gaban Allah kullum, kuma ba na son in kai ƙarar wanda ban san sunansa ba."

Ba ta yi kuka ba. Muryarta a miƙe take kamar mai cinikin kuka da kuɓewa.

Na ɗauki kwalbar na karanta mata sunan kamfanin da sunan ƙasarsu. Ta maimaita, harshenta ya karye. Na gyara mata. Ta sake, na sake gyarawa, har sau huɗu, sai da ta iya. Da bakina na koya wa tsohuwar nan sunan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, don ta kai ƙararsu wurin Allah a madadina. Tana cikin maimaitawa sai idonta ya sauka a kan yatsuna. Shuɗiyar tawada ce a ƙarƙashin farcena. Ta daɗe tana kallo. Da za ta fita na miƙa mata kwalbar, ta ce, "Riƙe ta, ɗana. Ba na son ta ƙara kwana kusa da ni."

Na jefa ta a aljihun tebur na rufe.

Ashe da ta koma ta gaya wa mutane akwai mai karanta rubutun kwalba a bayan kasuwar hatsi. Bayan kwana biyu wani Bahabashe ya zo da tasa, ta ƙaninsa. Sai wani dattijo daga garin Fau. Sai wata mace da goyo. Duk da tsakar rana suke zuwa, duk tambayarsu ɗaya, kuma kowa in na karanta masa sai ya bar mini kwalbar ya tafi. Na kasa zubar da su. Sau biyu ina ɗaukar su zuwa juji ina dawowa da su, don ji nake duk wanda ya gan ni zai gane.

In injin ɗab'i yana aiki teburin yakan girgiza, kwalaben su riƙa bugun juna a cikin aljihun, kil, kil, kil. Na sa tsumma a tsakaninsu, bai hana ba. Wata Juma'a wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, kowa ya tafi masallaci, ni ina zaune na kasa tashi. Babu iska, babu motar da ta wuce. Sai na ji kil, kil, daga cikin aljihun. Na janyo shi da ƙarfi. Suna kwance lamo a cikin tsummansu. Na tabbata bakwai na ajiye, amma takwas na tarar. Mai yiwuwa tsohon mai wurin ne ya karɓi ɗaya ba na nan. Ban tambaye shi ba, don ina tsoron ya ce ba shi ba ne.

Haj Sadik ya lura na rame. Ya ce zaman ɗaki ne da warin tawada, in zo in raka shi gonarsa a Fashaga in sha iska. Muka kama hanya a motarsa da safe. Wajen azahar injin ya yi zafi, ruwa ya ƙone, muka tsaya a tsakiyar gonakin da ba mu san na wane ne ba. Can nesa muka hango bukkokin leburori, abin da muke kira kambo. Ya miƙo mini jarka ya ce in samo ruwa, shi ya zauna a inuwar motar.

Na ratsa ta cikin gonar. Riɗin ya nuna har ya wuce, ba a yanka ba, kuma duk wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa. Kwansonsa yana fashewa da kansa a cikin rana, tsat, tsat, ta gabana, ta bayana, kamar mutane da yawa suna tsaki a ɓoye. Ban da wannan babu wani motsi, ko kukan tsuntsu. Na isa kambon na yi sallama, shiru. Tukunya tana kan murhu da busasshen tuwo a ciki. Ga lauje a rataye, ga takalmi ƙafa ɗaya a bakin bukka. Mutanen sun gudu sun bar girbi.

Na zaga bayan bukkokin ina neman randa, sai wani abu ya haske mini ido. Kaburbura ne a jere, sababbi, ƙasarsu ba ta gama tsagewa ba. A wannan yanki babu dutsen da za a sa alama, laka ce zalla. Sai suka dasa wa kowane kabari kwalbarsa a wajen kai. Wani ɗaya, wani uku, wani huɗu. Rana tana dukan su suna walƙiya. Na durƙusa a gaban na farko, ban san abin da ya sa ba, na leƙa ƙarƙashin harafin ƙarshe. Na matsa na biyu. Na bi su duka da rarrafe har ƙarshen layin, ina fatan in samu ko ɗaya da ba tawa ba. Ban samu ba.

"Ruwa kake nema?"

Na waiwaya a firgice. Wani mutum ne zaune a ƙarƙashin wata rumfa, tun ɗazu yana kallona. Saurayi ne kamar sa'ana, sanye da farar rigar asibiti da ta koma ruwan ƙasa. Shi ne hakim, ma'aikacin lafiyar da masu gonakin wurin suka ɗauka don lokacin girbi. Gefen fuskarsa a kumbure yake, leburorin sun doke shi kafin su tafi.

Ya cika mini jarkar, ya ba ni na sha. Sannan ya miƙo hannayensa biyu ya ce, "Ɗan'uwa, dubi hannun nan. Ka ga wani abu a jikinsu?"

Na ce ban gani ba.

Ya ce, "Bara mutum tara na yi wa allurar nan, takwas suka tashi. Bana ko ɗaya. Yadda aka koya mini haka nake yi. Na karanta takardar har na haddace. Sun ce hannuna ne ke da mugun abu, na fara yarda."

Kalma ɗaya ta isa ta sauke masa wannan kaya. Ruwansa yana cikina, na yi masa godiya, na ɗauki jarka na juya. Da na isa mota na gaya wa Haj Sadik abin da na gani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ka dai samo ruwan?"

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai muni. Bayan mun dawo da kwana biyar ya aiko a ƙara buga wasu, kuma na buga. Bai tsorata ni ba, bai tilasta ni ba. Gani na yi in na ƙi, na amsa wa kaina ke nan cewa ni na kashe su. Sai na gwammace in ci gaba da zama mai buga takarda kawai.

Ba mutanen Fashaga ne suka jawo aka kama mu ba. Leburori ne, babu mai bin kadinsu. Buhunan riɗin nan ne. Wani jirgi ya kai kaya wata ƙasa, aka buɗe aka tarar da ruɓaɓɓen riɗi da tsakuwa a ƙarƙashin tambarin babban kamfani. Masu sayen suka dawo da kayan, suka ce za su daina sayen riɗin Gadarif gaba ɗaya. Nan fa manyan 'yan kasuwa suka tashi tsaye, hukuma ta shiga bincike, aka bi sawun buhunan har bayan kasuwar hatsi. Haj Sadik ya samu labari tun da wuri, ya tsallaka iyaka, har yau ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da hantsi 'yan sanda suka zo. Suka kwashe farantan buga tambari da tawada da sauran buhuna. Babbansu ya janyo aljihun tebur ya ga kwalabe, ya ce, "Waɗannan fa?" Da na ce na wani ne ya manta, da ya rufe ya wuce, don ba su ya zo nema ba. Amma da ya janyo aljihun sun yi ƙarar nan tasu, sai na ji bakina yana magana. Na ɗauki ɗaya na nuna masa ɗigon. Na gaya masa inda zai samu sauran.

Ranar shari'a kotu ta cika. An kawo hakim ya ba da shaida, bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Alƙali ya yanke mini shekaru masu yawa. Ana fita da ni sai ga tsohuwar nan, uwar Idrisa, tsaye a bakin ƙofa. Ta roƙi ɗan sandan ya dakata. Na ɗauka tsine mini za ta yi, ko ta tofa mini yawu, kuma da ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce, "Ɗana, wancan sunan da ka koya mini, na daina faɗa, na kuma nemi gafararsu. Yanzu faɗa mini naka."

Na faɗa.

Ta ce, "Da na mahaifinka."

Na ce, "Hajja, shi ba ruwansa."

Ta ce, "Na sani. Don kada a yi kuskure ne, masu irin sunanka suna da yawa."

Na faɗa mata. Ta maimaita sau ɗaya, wannan karon harshenta bai karye ba, ta juya ta tafi.

Sau ɗaya Baba ya zo ganina a kurkuku. Bai yi faɗa ba. Ya ce in miƙo hannuna ta tsakanin ƙarafa, ya riƙe, ya juya shi, ya haɗa da nasa. Ya ce, "Iri ɗaya ne." Can ya ce, "Da na bar ka a kan fartanya." Ƙannena sun gaya mini tun daga ranar bai ƙara tsoma alƙalami a tawada ba. Ya rasu a shekarata ta uku a ciki, ban samu sallarsa ba.

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Zafi ne, da kwarkwata, da kunun da ba ya riƙe ciki. Abin da ya fi damuna shi ne tsakar rana, in aka rufe mu a ɗaki kowa ya yi shiru. A lokacin nakan ji kamar akwai mai tsaye a kaina yana jira in ɗaga kai ya ba ni abin karantawa. Wani malami da aka ɗaure tare da mu shi ya taimake ni. Ya ce tuba tsakanina da Allah ƙofarta a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai mutane, kuma waɗanda na fi zalunta sun riga sun tafi inda ba zan same su ba sai ranar tsayuwa. Ya ce in nemi waɗanda suka rage.

Da aka sake ni na nemi uwar Idrisa, aka ce ta rasu tuni. Hakim kuwa aka ce yana Fau. Na hau mota na je. Na same shi a gonar albasa yana jan ruwa a kwari, ya bar aikin asibiti tun shekarar. Na tsaya a bakin kunya na gaya masa ko ni wane ne, na tuna masa ranar da ya ba ni ruwa, na ce na zo neman gafara.

Ya dogara da fartanyarsa ya ce, "Tun a kotu na san ba laifina ba ne. Kaina ya sani. Amma in na ɗauki allura hannuna rawa yake yi, shi bai ji hukuncin alƙali ba."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Kwalaben ba ni ke da ikon yafe su ba. Nawa shi ne shirun da ka yi mini a rumfa. Shi kuma ban shirya ba tukuna. Ka dawo wata shekara."

Sau uku ke nan ina komawa. Yakan ba ni wurin zama, mu ci abinci tare, sannan ya ce in dawo wata shekara. Bana ma in Allah Ya kai mu zan je.

Yanzu ɗinkin bakin buhu nake yi a kasuwar hatsi, da babbar allura da zare. Abin da nake samu yana ciyar da ni, kuma ina barci gwargwado.

Ku samari, ga abin da nake so ku ɗauka. Babu wanda ya zo mini da maganar kisa a ranar farko, da kwalin shayi aka zo. Za a zo muku da abin da ya yi kama da wasa, a yaba wa ƙwarewarku, a ce masu tambarin suna can wata ƙasa mai nisa, su ne ma azzalumai, ba za su ji komai a jikinsu ba. Wataƙila gaskiya ne ba za su ji ba. Amma kayan jabu ba ya tafiya wurinsu, a nan yake zama, maƙwabcinku ne zai saya, wanda ba ya iya karatu ya dogara da hoton da ya saba gani. Duk aikin da aka ba ku, ku tambaya wa zai ci, wa zai sha, a jikin wa za a sa. In kuka ji kuna tsoron yin tambayar, to kun riga kun san amsar, ku ajiye aikin ku tashi, ko da za ku kwana da yunwa.

Kada wanda ya karanta wannan ya ce Allah sarki a kaina. In kuna da addu'a, ku yi wa waɗanda ke kwance a Fashaga. Yawancinsu ban san ko su wane ne ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da za su tsaya a gabana su faɗa mini da bakinsu. Allah Ya tsare hannuwanku.